Birnin Lalle: yadda jama'a ke riƙe shekaru da ranakun tuni

A arewacin jihar Maraɗi, kusa da garin Dakwaro mai nisan kilomita kamar 120 daga Maraɗi, akwai wani gari da baƙo zai iya wucewa bai ko waiwaya ba. Gidajen ƙasa ne da rumbunan hatsi, da gonaki a kan jigawa, da garken shanu masu gangarawa rijiya, kamar sauran garuruwan yankin kwarin Tarka. Amma sunansa kaɗai ya isa ya tsai da mai hankali: Birnin Lalle. Bahaushe ba ya ce wa gari birni sai in an taɓa kewaye shi da ganuwa, ganuwa kuwa ba a gina ta sai inda akwai sarauta da dukiyar da za a tsare. A nan ne sarakunan Gobir suka yi zama bayan sun baro Azbin, tun ba a yi mafarkin gina Alƙalawa ko Tsibiri ba.

Kowace shekara, in 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba ta zagayo, akan ɗaga tuta a Dakwaro, magabata su yi jawabi, ƴan lakwal su yi jerin gwano. Waɗannan ranaku suna da lamba, da wata, da shekara. Kafuwar Birnin Lalle kuwa ba ta da ranar da za a zagayo a kanta, kuma da yawa daga cikin dattawan yankin haka suke: sun san daminar da aka haife su, sun san abin da ya faru a cikinta, amma ba a rubuta ranar ba. Maganar ta wuce ta buki. Da ita ake sanin shekarun yaron da za a sa lakwal, da na ma'aikacin da zai yi ritaya, da wanda ya fara saran gonar da ake jayayya a kanta.

Tsohon gidan sarautar Gobir

Tarihin Gobirawa daga arewa ya taso. Cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, Muhammadu Bello ya rubuta cewa Gobirawa sun zauna ƙasar Azbin kafin Abzinawa su fi ƙarfinsu su turo su kudu. Tun a 1353, sa'ad da matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka Takadda, ya ji labarin wata ƙasa da ake kai wa jan ƙarfe, wadda masana da dama suka ce Gobir ce. An kafa sarautar Agadas a 1405. Littafin tarihin sarakunan Kano kuma ya ambaci cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, Abzinawa suka iso Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. In an haɗa waɗannan shaidu za a gane abin da ya sa masana tarihi ke ɗora zaman Gobirawa a Birnin Lalle a wajen ƙarni na 15. Za a kuma gane hikimar zaɓen wurin, domin yana bakin iyakar ƙasar noma da ƙasar kiwo, inda hatsin kudu da gishirin arewa ke gamuwa.

Zaman bakin iyaka yana da riba, yana kuma da haɗari. Cikin ƙarni na 17 da farkon na 18 fada ta yi ta gusawa kudu maso yamma, ta zauna Birnin Naya da Gwararrame, har Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a wajen 1762, ya mai da Alƙalawa babban birninsa. Daga bayan nan ne tarihin Gobir ya fara samun ranaku tsayayyu, saboda malaman jihadi sun rubuta abin da idonsu ya gani. An san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. An san an gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, kuma Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoba na 1808, Sarki Yunfa ya rasu a cikinta. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama, bayansa kuma Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi da taimakon Ɗan Mari.

A 2004 an yi gagarumin bukin cikar daular Sakkwato shekara 200, domin akwai ranar da za a ƙirga daga gare ta. Birnin Lalle ya girmi wannan daula da ɗaruruwan shekaru, amma ba shi da irin wannan rana. Abin da ya riƙe labarinsa shi ne jerin sunayen sarakuna sama da 300 da gidan sarautar Gobir ke alfahari da shi, da kirarin maroƙa, da bakin dattawa, da tsagen fuskar Bagobiri, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan. Daga irin waɗannan majiyoyi ne Bubu Hama ya rubuta littafinsa kan tarihin Gobir da Sakkwato a 1967, shi kuma Jibo Hamani ya bi diddigin dangantakar Gobirawa da Adar da Azbin.

A rabin farko na ƙarni na 20, da yaƙe-yaƙe suka kwanta, manoma suka yi ta hawowa arewa suna saran daji, suna gina rijiyoyi, suna kafa ƙauyuka kusa da mashekarin Fulani da Abzinawa. A 1947 Turawan Faransa suka kafa bariki a Dakwaro, Birnin Lalle yana cikin kantocin da ke ƙarƙashinta. A 1964 aka sake rabon ƙasa, Dakwaro ta zama gunduma cikin jihar Maraɗi, a 2002 kuma dokar da ta kafa ƙananan hukumomi ta mai da Birnin Lalle komin ta karkara.

Shekarun da aka raɗa wa suna

Rashin kalanda bai hana mutanen karkara lissafi ba. Dabararsu ita ce su raɗa wa shekara suna kamar yadda ake raɗa wa jariri. Larabawa ma haka suke yi kafin Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi ya tsai da lissafin Hijira a 638, shi ya sa har yau ake cewa an haifi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Shekarar Giwa. Abzinawa su ma sun shahara da wannan al'ada ta kiran shekara da babban abin da ya auku a cikinta.

Shekarar ƙoshi ba ta cika samun suna ba, wahala ce ke barin tabo. A wajen 1891 annoba ta share shanu a wannan shiyya ta Afirka, makiyaya suka kira ta Sannu. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu, ƙarshenta ya zo a Dankori da Maijirgi ta ƙasar Tasawa cikin watan Yuli. Yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba, wadda ta kashe mutane ba iyaka daga Adar har Barno. Bayanta aka yi yaƙin Kawusan, wanda ya kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Fara ta cinye amfanin gona a 1931. A 1945 ruwan gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi, aka mai da shi kan tudu. A 1946 aka soke aikin tilas. Yunwar 1953 zuwa 1954 ana ce da ita Muda.

Na baya-bayan nan kuwa masu shaidarsu suna da rai. Akwai babban farin 1973 zuwa 1974, wanda ya raba makiyayan arewacin Dakwaro da garkunansu. Akwai yunwar 1984 zuwa 1985, wadda jama'ar Maraɗi suka raɗa wa El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin Janar Muhammadu Buhari, iyakar da ba a sake buɗewa ba sai a 1986. Akwai faɗuwar darajar sefa a Janairu 1994, da annobar sanƙarau ta 1995. Akwai ƙarancin cimaka na 2005, bayan fari da fara sun haɗu a daminar 2004, har ƙungiyar likitocin MSF ta buɗe gidan jinyar yara masu tamowa a Dakwaro. Akwai kuma husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa jihar Maraɗi. Malam Buraima Alfa Gado na Jami'ar Yamai ya tattara tarihin yunwace-yunwacen Sahel da sunayensu cikin littafin da ya fitar a 1993.

Waɗannan shekaru su ne turakun da ake ɗaure sauran labarai. Dattijo zai ce an gina rijiyar gari damina uku bayan Muda, ko ya ce ya tafi ci-rani karo na farko a shekarar El Buhari, kuma ba zai yi kuskure mai yawa ba. Sai dai dabarar tana da rauni biyu. Na farko, yunwa ɗaya tana iya samun suna uku a garuruwa uku, har wanda bai sani ba ya zaci yunwa uku ce. Na biyu, sunan yana tafiya tare da masu shi. Yau babu sauran wanda ya ga Kakalaba da idonsa, waɗanda suka ga Muda kuwa duk sun haura shekara 70.

Wata da rana cikin sunayen yara

A cikin shekara, watannin Musulunci ne ke jan ragama, kowane da sunansa na gida: watan Cika-ciki, watan Takutaha, watan Azumin Tsofaffi, watan Azumi, Ƙaramar Salla, Babbar Salla. Manomi yana da nasa lissafin a gefe, wanda ke bin damina, shi ya sa yake jiran watan bakwai ya gyara kalme da iri. Ranakun tuni na mutum kuma al'ada ta riga ta ƙayyade su: suna ranar bakwai, wankan jego kwana arba'in, yaye a wajen shekara biyu, sannan kaciya, saukar Alƙur'ani, aure, da aikin Hajji ga wanda Allah ya nufa. In rai ya yi halinsa sai sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in.

Har sunan yaro ma wani littafin ajiya ne. Ɗanjuma da Jummai ranar Juma'a aka haife su, Ladi da Ɗanladi ranar Lahadi, Balarabe da Laraba ranar Laraba, Asabe ranar Asabar. Azumi ta zo cikin Ramadan, Sallau ya zo ranar Salla, Anaruwa ana tsakar ruwan sama, Nomau lokacin noma, Kaka lokacin girbi. Saboda haka iyali sukan riƙe ranar mako da lokacin shekara daidai wa daida, abin da ke kuɓuce musu shi ne lambar shekarar.

Akwai kuma wani saɓani da ya kamata ma'aikata su sani. Shekarar Hijira tana da kwana 354, ta takardun hukuma tana da 365, bambancin kwana 11 ke nan. Cikin shekara 33 ta Hijira ana samun shekara 32 ta hukuma. Mutumin da ya ƙirga Babbar Salla 66 tun haihuwarsa gaskiya ya faɗa in ya ce shekarunsa 66, amma a takarda 64 ne. Ma'aikacin da ya san wannan ba zai yi saurin ƙaryata dattijo ba.

Ranakun ƙasa

Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, ranar 3 ga Agusta 1960 kuma Shugaba Jori Hamani ya yi shelar samun ƴancin kai. Tun 1975 aka haɗa 3 ga Agusta da dashen itatuwa, domin farin da aka fito daga cikinsa ya nuna wa kowa yadda hamada ke matsowa. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a birnin Maraɗi. Ranar 13 ga Mayu ta zama ranar matan Nijar, don tunawa da tattakin da suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ba su gurbi cikin shirin babban taron ƙasa. Ranar 24 ga Afrilu aka keɓe ta don haɗin kan ƴan ƙasa, albarkacin yarjejeniyar zaman lafiya da aka sa wa hannu a 1995 da ƴan tawayen arewa. A 2015 Maraɗi ce ta karɓi bukin 18 ga Disamba mai zagaya jihohi, aka kira shi Maraɗi Kwalliya.

Ranakun hukuma ma suna sakewa da sakewar zamani. Ranar 15 ga Afrilu, wadda Saini Kunce ya karɓi mulki a cikinta a 1974, an yi shekaru ana bukinta da wasannin samariya, daga baya aka daina. Ranar 26 ga Yuli kuma, wadda soja suka karɓi mulki a cikinta a 2023, ta shiga jerin ranakun hutu a 2024. Mutanen karkara suna da tasu hanyar karɓar waɗannan ranaku: sukan mai da su turaku kamar sauran. Za a ji ana cewa shekarar da aka samu mulkin kai, ko shekarar da soja suka hau, ko shekarar rasuwar Kunce, wato 1987. Ta haka lissafin bariki da lissafin ƙauye suka sami mahaɗa, kuma a wannan mahaɗar ce aikin ƙidayar jama'a ke tsayawa.

Ma'aikacin ƙidaya a ƙofar gida

An ƙidaya jama'ar Nijar a 1977, da 1988, da 2001, da 2012. A irin wannan aiki ma'aikaci yakan riƙe takardar da aka jera manyan abubuwan da suka faru a yankin, kowane da shekararsa. In ya zauna gaban tsohuwa, tambayar takan bi wannan hanya:

«Inna, shekarunki nawa?»

«Ɗana, Allah ne masani. Ni dai na san ranar Laraba aka haife ni, ana cikin girbi.»

«To Inna, lokacin da soja suka hau, kina gidan miji ko kina gidanku?»

«Ina ɗakina. Damina biyu ke nan da aurena, ina goye da ɗan fari, ga fari ya hana kowa sakat.»

«Kina da shekara nawa aka yi auren?»

«Yadda ake yi wa tsarata, ban wuce sha biyar ba.»

Daga nan lissafi ya fito. Soja sun hau a 1974, aure ya kama 1972, haihuwa ta kama wajen 1957. A ƙidayar 2012 sai a rubuta mata shekara 55. In babu turken 1974, da ma'aikacin sai dai ya dubi furfura ya yi kirdado, kirdado kuwa yana iya ƙara wa mutum shekara goma ko ya rage masa. Da irin waɗannan lambobi ake tsara yawan azuzuwa, da gidajen likita, da allurar rigakafi, da rabon cimaka a shekarar da damina ta gaza.

Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai, ta 2012 ta sami sama da miliyan 17, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Ma'anar wannan a fili take: masu tuna shekarun dā suna raguwa, waɗanda ba su ji labarin ba suna ƙaruwa.

Tun ran gini, ran zane

Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin takardun shaida ya ga an rubuta wa mutane da yawa cewa an haife su «wajen» shekara kaza. Da aka zo zamanin kwamfuta, wadda ba ta karɓar takarda sai da rana da wata, sai aka ba dubban mutane 1 ga Janairu. A dā, in za a ɗauki yara lakwal, akan duba haƙora, ko a ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa. Wanda aka ƙara wa shekaru a wannan rana yakan biya bashin daga baya, in aka ce ya girmi jarrabawa ko aka sallame shi daga aiki da sauran ƙarfinsa.

An sami ci gaba. Binciken lafiyar iyali na 2006 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na yara ƴan ƙasa da shekara biyar ne aka rubuta haihuwarsu, na 2012 ya nuna kashi 64. Wato duk da haka, a wannan shekara, yaro ɗaya cikin uku bai shiga littafi ba, kuma giɓin ya fi yawa a karkara da wajen makiyaya. Dokar 1 ga Yuli 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa, kyauta, a gidan likita, ko wurin mai rubutawa na ƙauye, ko a ma'aikatar magajin gari. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin bayanin, abin da ke cin lokaci da kuɗin mota, sai fa in an yi sa'a alƙalai sun fito zagayen ƙauyuka.

Lissafin mai sauƙi ne ga kowane magidanci. Ranar suna kwana bakwai ke nan, saura 53. Ranar da mai jego ta gama wanka kwana arba'in ke nan, saura 20. Wanda ya iya neman ragon suna da goro cikin mako ɗaya ba zai kasa kai sunan jaririn a rubuta cikin wata biyu ba. Yaron da ba shi da takardar haihuwa yana iya yin shekaru a aji, sai ranar haɗa takardun jarrabawar BEPC uban ya shiga zirga-zirga. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Aure da rasuwa su ma doka ta ce a bayyana su, domin da takardunsu ne gwauruwa da marayu ke neman haƙƙinsu.

Haka abin yake ga ƙasa. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, don a bar wa dabbobi makiyaya, kuma yankin Tarka yana bakin wannan iyaka. Tun daga lokacin jama'a ta ninka, gonaki sun hau arewa, burtali ya matse. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa tun daga gunduma har ƙauye, ta 20 ga Mayu 2010 kuma ta ƙarfafa haƙƙin makiyaya. In rigima ta tashi, tambayar farko kullum ta shekara ce: wa ya fara sara, yaushe aka ba da aro, yaushe aka yi jingina, yaushe aka gina rijiyar, burtalin ne ya riga gonar ko gonar ce ta riga shi. Muddin shaidun suna da rai, sarki da kwamiti suna da abin kamawa. In sun ƙaura, sai rantsuwa da gaba su gaje su.

Aikin da ke jiran masu karatu

Tun 1963 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a Nijar, kuma kowace 8 ga Satumba duniya na tunawa da wannan yaƙi. Wanda ya fito ajin manya ya iya rubuta Hausa, da boko ko da ajami, yana riƙe da makamin da Birnin Lalle bai samu ba a ƙarni na 15. Littafin rubutu ɗaya ya isa a fara. A shafi na farko a jera sunayen shekaru yadda garin ke kiran su, kowace da abin da ya faru, da lambar shekarar in an tabbatar da ita. A tambayi dattawa uku, kowa shi kaɗai, a haɗa da tsofaffin mata, domin su ne suka fi riƙe haihuwa da yaye da aure. A je mashekarin Fulani da na Abzinawa a ji nasu sunayen, a jera su kusa da na Hausa. Inda baki ya saɓa, a rubuta duka biyun da sunan garin da aka ji kowane, kada a zaɓi wanda ya fi daɗin ji.

Bayan haka a rubuta jerin masu gari da limamai, da shekarar gina kowace rijiya, da ta buɗe lakwal da kasuwa da gidan likita. Daga nan littafin ya ci gaba da kansa: ranar shuka ta farko, ranar ruwan ƙarshe, farashin tiyar hatsi a kaka da bazara, wanda aka haifa, wanda ya rasu. Wayar salula tana ɗaukar murya, saboda haka kirarin maroƙa da jerin sarakuna ana iya adana su da bakin masu su. Ga magabata kuma, abin da ya dace shi ne su karɓi kwafin irin waɗannan littattafai a ma'aikatar magajin gari, su ba kwamitocin ƙasa da ma'aikatan ƙidaya su yi aiki da su, su kuma aika da su cibiyoyin IRSH da CELHTO a Yamai, waɗanda suka daɗe suna tattara tarihin baka.

Ranar 3 ga Agusta, sa'ad da ake rabon dashe, magidancin da aka yi wa haihuwa a wannan shekara yana iya dasa itace ɗaya da sunan jaririn, ya rubuta ranar a littafin gari. Itacen zai tsare gona daga iska, ya kuma zama shaida ta biyu bayan takarda.

A 2036 Tsibiri za ta cika shekara 200 da kafuwa, a 2047 barikin Dakwaro zai cika shekara 100. In waɗannan ranaku suka zo, za a nemi mutanen Birnin Lalle su faɗi abin da suka sani game da tsohon gidan sarautar Gobir, da yadda kakanninsu suka sake raya yankin. Dattawan da za su iya ba da amsa suna zaune yau a gindin itatuwa da zaurukan gari, kuma ba duka ne za su kai wannan lokaci ba. Waiwaye adon tafiya ne, in ji masu iya magana, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Mai alƙalami ya ɗauki tabarmarsa ya je ya gaishe su tun suna nan.